Kafin jiniya ta iso: wa ke riƙe da mintunan farko na gobara da hatsari a Katsina?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san ihun gobara. Daban yake da ihun ɓarawo. Mace ce kan fara kwarma shi daga cikin gida, yara su ɗauka, kafin a ce kwabo lungu ya cika da maza, wani da bokiti, wani da daro, wani daga shi sai gajeren wando. Ba wanda ya aika musu goron gayyata, ba kuma wanda zai biya su. Wannan taron shi ne 'yan kwana-kwananmu na farko, kuma a kansa nake son yin magana.

Wani dare cikin hunturu, shekaru kaɗan da suka wuce, wuta ta tashi a gidan maƙwabcinmu a wani lungu da ke bayan Ƙofar Marusa. Kaskon garwashi aka shigar ɗaki saboda sanyi, gefen katifa ya taɓa shi. Muna isa samari suka haye rufi suka fara ɓamɓare kwano, wai don hayaƙi ya fita. Iska tana samun hanya, wutar da ke ci a hankali ta miƙe tsaye. Wani kuma ya sheƙa ruwa a bangon da waya ke bi, alhali an kawo wuta, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Sai da wani dattijo, tsohon direban tanka, ya daka tsawa: "Kai, ku sauko daga nan! Ɗaya ya je ya cire fiyus. Ku kuma ku ja layi daga bakin rijiya, bokiti hannu da hannu." Aka ce, "To, Baba." Mutanen nan dai su ne, bokitan ma su ne, amma daga wannan tsawar aiki ya fara tafiya.

Motar kashe gobara ta zo, sai dai a bakin titi ta tsaya, domin lungun bai ɗauke ta. Yarinyar gidan da ta ƙone a hannu kuwa, kafin a sa ta a Keke Napep an riga an fasa mata ƙwai an shafe wurin da man goge baki. A asibiti sai da aka wanke wannan duka tana kuka. Ma'aikaciyar jinya ta dubi uban ta ce, "Malam, da ruwa mai sanyi kawai kuka yi ta zuba mata, da ƙunar ba ta yi zurfi haka ba."

Tun daga ranar na daina ganin matsalarmu a matsayin ƙarancin masu taimako. Masu taimako har sun yi yawa. Sani da tsari ne babu.

Dalilin da ya sa mintunan farko suka fi komai yana cikin yadda wuta ke ci. Ɗakin yau ya bambanta da na kakanninmu mai azara da tabarmar kaba. Katifar soso, kujerun kushin, labule, silin roba, duk daga man fetur aka samo su. Idan suka kama, zafi yakan taru a sama har ya kai matakin da komai na ɗakin zai kama a lokaci guda, kuma hakan na iya faruwa cikin minti 3 zuwa 5. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobara ma hayaƙi ne ke kashe su tun harshen wuta bai taɓa su ba. Jikin mutum shi ma haka lissafinsa yake. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Wanda babbar jijiyarsa ta cinya ta yanke zai iya tsiyayewa cikin 'yan mintuna. Ko da motar hukuma ta tashi nan take, tanki cike da mai, titi fayau, waɗannan mintuna sun riga sun faɗa hannun wanda ke tsaye a wurin.

Ga kuma abin da ke jiran motar idan ta tashi. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Gobarau da Ƙofar Soro an shata lungunansu ne don jaki da mai tafiya a ƙasa. A kasuwa, hanyar da aka bari don mota takan koma rumfa, a kasa kaya a gabanta. Sannan ruwa. A ce mota ta ɗauko lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Idan tiyo biyu na fesa lita 500 kowanne a minti, minti biyar ta ƙare. Inda akwai famfon gobara a bakin titi, sai a jona a ci gaba. Inda babu, ko akwai amma bututun a bushe, dole motar ta juya neman ruwa, wutar kuma ba za ta jira ta ba. Daga nan ake samun zargin nan da ya cika gari, wai sun zo ba ruwa, har ta kai matasa na jifan mota. Wanda ya jefi gilashin motar, gobarar gobe ya jinkirta wa taimako, wataƙila ma a gidansu za ta tashi.

Gobarar babbar kasuwar Katsina ta ranar 22 ga Maris 2021 tana nan a zukatan mutane. Ta zo watanni biyu bayan ta babbar kasuwar Sakkwato, shekaru biyar bayan ta kasuwar Sabon Gari a Kano. Bayan kowace akan yi jaje, a kafa kwamiti, a tara gudummawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a cikin masu gadi da 'yan dako da masu shaguna da suka fara ganin hayaƙi, mutum nawa ne suka taɓa riƙe tukunyar kashe wuta suka cire mata fil? Wannan kuma maganar birni ce. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, tsakaninsu ƙauyuka birjik, rumbuna da danga da karan dawa jibge a bayan gida. Wutar da ta tashi a irin wannan wuri da iskar hunturu, mutanen garin ne kaɗai za su tare ta.

A wasu ƙasashe an daɗe da karɓar wannan gaskiya, aka gina tsari a kanta. A Amurka, tun 1736 Benjamin Franklin ya haɗa ƙungiyar maƙwabta masu kashe gobara a Filadalfiya, kuma har yau kimanin kashi 65 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan ƙasar ba albashi suke karɓa ba. Manoma ne da kanikawa da malaman makaranta, waɗanda idan kira ya shigo sukan ajiye abin da ke hannunsu. A Jamus sun kai kimanin miliyan ɗaya, masu albashi kuwa galibi a manyan birane suke. Abin da ya fi jan hankalina a tsarin Jamus shi ne, ƙaramar hukuma ce doka ta ɗora wa sayen mota da kayan aiki da horarwa. Idan aka kira mutum yana wurin aiki, dole maigidansa ya sake shi, hukuma kuma ta biya kuɗin awannin da ya rasa. Idan ya ji rauni akwai inshora. Lokacinsa kawai yake bayarwa kyauta.

Su ma tsarin yana musu tangal-tangal, kuma ya kamata mu san dalili kafin mu ce a kwaikwaya. A Amurka masu aikin kyautar sun ragu daga kimanin 897,000 a 1984 zuwa kimanin 677,000 a 2020, a daidai lokacin da kiran da ake musu ya ninka kusan sau uku. Matasa sun bar ƙauye, wanda ya rage yana aiki nesa da gida, awannin horon da ake buƙata sun ƙaru. Babban abin ma, aikin ya sauya kama. Kusan biyu cikin uku na kiran da suke amsawa na rashin lafiya ne, tsoho ya faɗi, zuciya ta buga, hatsarin mota. Gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wato ɗan kwana-kwana ya zama ma'aikacin lafiya na gaggawa, gobara kuma jefi-jefi. Shi ya sa ba na raba maganar biyu. Wanda za a koya wa kashe wuta a unguwa, shi ne kuma za a buga wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama.

A nan sai na ɗan tsaya a kan kalma. A Katsina ta yau idan ka ce "'yan sa-kai", hankalin mai sauraro yakan tafi Batsari da Safana da Ɗanmusa, wurin masu bindigar gargajiya da ke fafatawa da 'yan bindiga, da duk gardamar da ke tattare da su. Duk wanda zai kafa tsarin kashe gobara na unguwa ya kiyayi wannan suna. Muna da wanda ya fi shi dacewa, kowa kuma ya yarda da shi: 'yan agaji.

Kuma 'yan agajin suna nan. Na Jama'atu Nasril Islam, na Fityanul Islam, na Izala, ga kuma na Red Cross. Suna da kaki, suna da shugabanni tun daga unguwa har jiha, sun saba da fareti da bin umarni. Su ke tsare hanya ranar Juma'a, su ke tsayuwa a wurin tafsiri da filin Idi, su ke hidimar alhazai, wasunsu har kwana suke a asibiti wurin marasa galihu. Abin da ya ɗauki wasu ƙasashe shekaru suna ginawa, wato mutanen da za su fito ba don kuɗi ba kuma su ji maganar na gaba, mu muna da shi a ƙofar kowane masallaci. Ga 'yan ga-ruwa da suka san kowace rijiyar burtsatse da ke aiki a unguwa. Ga lasifikar masallaci da ta fi kowace jiniya isa cikin gidaje. Malamai sun karantar da mu cewa ceton rai farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta sauka a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ina ganin neman sanin yadda ake ceton ma yana cikin farillar.

An ma taɓa gwada irin wannan a jihar nan, a fannin haihuwa. A ƙarƙashin shirin PRRINN-MNCH na kula da lafiyar mata da yara, wanda ya yi aiki a Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Aka horar da direbobin tasha yadda ake ɗaukar mace mai naƙuda ko zubar jini, aka ba ƙauyuka lambobinsu. Ladan direba shi ne idan ya dawo tasha a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Dabarar ta yi kyau domin ba ta jira an sayo sabuwar mota ba, ta kama wadda ke garin. A Ghana ma an horar da direbobin haya sama da 300 taimakon farko, tun da su ke kwaso mafi yawan waɗanda suka yi hatsari. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke raunata mutane nesa da asibiti, horar da ma'aikatan lafiya na karkara da dubban ƙauyawa ya sauko da mace-macen masu rauni daga kashi 40 zuwa kimanin 15 cikin 100. Abin da aka koya musu bai wuce buɗe hanyar numfashi, tsayar da jini da ɗumama jikin mai rauni ba.

Waɗannan su ne daidai wuraren da muke kuskure da kyakkyawar niyya. Wanda ya suma mukan ɗaga kansa mu ɗura masa ruwa, ruwan ya bi ta huhu, alhali kwantar da shi ta gefe ake yi. Yaro na jijjiga mu cusa masa cokali a baki. An yi hatsari a hanyar Daura, mutum huɗu su kama hannu da ƙafa su jefa mai rauni bayan a-kori-kura, idan ƙashin wuya ya tsage a nan ake ƙarasa shi. Jini na zuba a tsaya neman ƙasa ko toka, maimakon a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi kada a ɗaga. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi take so na tsawon minti 20, ba ƙwai, ba gishiri, ba manja. Wutar fetur da ta man girki ba a zuba musu ruwa, yashi ake watsawa ko a rufe tukunyar. Duk wannan karatun kwana biyu ne.

Akwai inda jarumta kanta ke kisa. Rijiya ce ta farko. Wani ya shiga yasa ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi na biyu, a ƙarshe gawa uku za a fitar. Iskar da ke ƙasan tsohuwar rijiya ko masai takan rasa abin da ke riƙe numfashi, balle idan an kunna injin jan ruwa a ciki, kuma ido ba ya ganin haka. Na biyu tankar mai. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu bayan tanka ta faɗi jama'a suka taru. A irin wannan wuri babban aikin ɗan agaji shi ne korar mutane nesa. Horo na gaskiya yana koya wa mutum inda zai tsaya, ya ce wannan ya fi ƙarfina, a kira masu kayan aiki.

Sai dai ko an horar da unguwa duka, dole a samu inda za a miƙa mai rauni, kuma nan ne ɗaya rabin matsalar yake. A wurinmu motar asibiti ta fi yin suna da ɗaukar gawa ko kai wanda aka tura wani asibitin. Sau da yawa direba ne kawai a ciki, ba iskar numfashi, ba ma'aikacin da zai kula da majinyaci a hanya, kuma 'yan'uwa ne za su zuba mai. Wanda aka ɗauko daga Mai'aduwa ko Zango zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar sama da awa guda ce da babu mai duba numfashinsa.

A takarda dokoki sun yi kyau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta kuma kafa asusun da ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kashi 5 na asusun don jinyar gaggawa. Daga nan aka samo shirin NEMSAS na jinyar gaggawa da motocin asibiti da aka ƙaddamar a 2022, wanda manufarsa a ɗauki majinyaci a kula da shi awa 48 na farko ba tare da an nemi ko sisi ba. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta yi musu magani ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, har ta ce a mutunta wanda ya kawo su, kada a tsare shi da tambayoyin cin fuska. Mutanen Faskari da Ƙanƙara da Jibiya sun fi kowa buƙatar sanin wannan. Amma je ka tasha ka tambayi direba ko ya taɓa jin labarinta. Abin da ya sani shi ne wani abokinsa ya taimaki mai hatsari ya kwana a bayan kanta, don haka gobe idan ya gani sai ya kau da kai ya wuce.

Lambar kira ma haka. Akwai 112 ta gaggawa, kyauta ce, akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Da yawa ba su san su ba, wasu kuma wasa suke da su. Sannan lamba sai da sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro. A waɗannan watanni, mai naƙuda da wanda maciji ya sara ba su da kowa sai maƙwabci mai babur. Ko da sabis ɗin, wane direba ne zai bi wasu hanyoyin bayan isha'i? Idan kuma kiran ya shiga, sai a zo kwatance. Gidajenmu ba lamba, sai "bayan gidan mai, ka sha kwana wurin mai shayi". Ɗan agaji guda da zai tsaya a bakin titi ya tari mota zai iya rage minti biyar.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki wannan magana a mai da ita hanyar gudun nauyi. Ɗan agaji ba ya maye gurbin motar kashe gobara mai ruwa, ko ma'aikaci mai rigar da wuta ba ta ci da tukunyar numfashi. Gobarar kasuwa ko ambaliya irin ta Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci sama da rai 40, ba aikin bokiti ba ne. Akan kawo misalin Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya fara da tsohuwar mota guda a Karachi har ya bar ɗaruruwan motocin ɗaukar marasa lafiya kafin rasuwarsa a 2016, duk da sadakar jama'a. Gaskiya ne, amma a ƙasar tasu ma sai da gwamnatin Punjab ta kafa nata tsarin na Rescue 1122 a 2004, da ma'aikata masu albashi da horo. Tsoro na biyu shi ne siyasa. Da zarar an ce akwai alawus da kaki, sunaye za su fara fitowa daga aljihun 'yan siyasa, a bar waɗanda ke fitowa da bokiti tun asali. Na uku shi ne rauni. Magidanci mai 'ya'ya shida da ya karye a gobarar maƙwabci, wa zai biya kuɗin ɗori, wa zai ciyar da gidansa wata uku? Matuƙar ba a amsa wannan da asusu a rubuce ba, bai halatta a tura kowa bakin wuta da sunan tsari ba.

Abin da ya rage bai fi ƙarfin mai unguwa da limami da shugaban 'yan kasuwa ba. A zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyar da ke kwana a unguwar, har da mata, domin su ke cikin gida lokacin da tukunyar gas ko risho ke kamawa, kuma su ne za su shiga wurin mace ba tare da an tsaya neman izini ba. A rubuta wa hukumar kashe gobara da Red Cross a nemi su zo su koyar, a kuma maimaita duk shekara, tun da hannu yana mantuwa. A san wa zai katse wuta, wa zai kira, wa zai tari mota, wa zai kori 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo, wane gida ne mai tankin ruwa da ya yarda a buɗe ko da ƙarfe biyun dare ne.

A lungunmu, bayan waccan gobarar, mun zauna a zauren mai unguwa muka yi wannan rabon. Dattijon nan ya sa aka auna faɗin lungun da igiya, aka gano dakali biyu da wani tudun yashi ne suka hana mota shigowa. Mai dakali ɗaya ya yarda aka fasa a ranar. Ɗayan sai da liman ya taka har gidansa sau biyu.